Dabon Tagwaye: ya isa a fita da shi gaban mutane, ko na 'yan koyo ne kawai?

Ɗan Rigasa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman hukuncin manya a kan wani dabon karta da nake so in riƙa yi wa mutane kusa-kusa, a kan tebur ko tabarma. Turawa suna ce masa Gemini Twins, ni dai Tagwaye nake kiransa. Ga abin da mai kallo yake gani. Ka ba shi karta ya cakuɗa son ransa. Ka karɓa ka zare kati biyu, a ce bakwai ja da sarki baƙi, ka ajiye su a buɗe, ka mayar masa da sauran. Ya riƙa saukewa ɗaya bayan ɗaya a kife, inda ransa ya ba shi ya tsaya, ya ɗora bakwai ɗin a buɗe, ya rufe da ragowar da ke hannunsa. Ya ɗauka ya sake yin haka da sarkin. In aka baza kartar, sai a tarar ɗaya bakwai ɗin ja yana manne da ɗan'uwansa, ɗaya sarkin baƙi shi ma yana manne da nasa. Tun da ka miƙa masa kartar ba ka sake taɓa ta ba.

Akwai liyafar abokin aikinmu a Unguwar Rimi ƙarshen wata, an ce in ɗan yi wani abu a teburin abokan ango. Wannan ya isa, ko sauƙinsa ya yi yawa?

Na-Kawo:
Wa alaikumus salam. Ni duk dabon da aka ce yana yin kansa ba na ɗaukarsa da muhimmanci. Ɗan'uwan na kati 21 ne, wanda kowane ɗan sakandare ya iya: layi uku, bakwai-bakwai, "naka yana wane layi?" har sau uku, a ƙirga zuwa na 11. Kafin ka gama kowa ya koma kan wayarsa. In za ka tsaya gaban mutane, ka je da abin da hannunka ya sha wuya a kansa.

Tsohon Hannu:
Na-Kawo, ka haɗa abin da bai haɗu ba. Laifin na kati 21 ba sauƙinsa ba ne, laifinsa shi ne mai kallo yana ganin lissafi ƙiri-ƙiri. Kai ke rabawa, kai ke tattarawa, kai ke ƙirgawa, shi aikinsa nuni da yatsa. Ko bai gane yadda aka yi ba, ya san ƙirge ne. Tagwaye babu ƙirge ko ɗaya. Shi ya cakuɗa, shi ya sauke, shi ya tsaya. Karl Fulves, wani Ba'amurke da ya yi suna wajen tattara dabarun da ba sa bukatar saurin hannu, shi ya wallafa shi da wannan suna a 1984, kuma har gobe masu cin abinci da sana'ar suna yinsa da kartar aro.

Ɗana na Rigasa, ya isa, har ya yi yawa ga teburin abokan ango. Sai dai akwai wurare da yake yoyo, kuma ba za mu iya nuna maka su ba sai an faɗi yadda ake yi. Shugaba, an yarda?

Shugaban Zaure:
An yarda, Baba, tunda duk wanda ke nan koyo ya kawo shi. Amma don Allah kada in ga hoton wannan hira a wani zaure.

Malamin Lissafi:
To bari in ɗauke wa Baba nauyin rubutu. Lokacin da ka karɓi kartar ka baza ta fuskarta na kallonka, kamar kana neman katin da ya yi maka, kati biyu kawai kake dubawa: na can sama da na can ƙasa. A ce na ƙasa bakwai ja ne, na sama sarki baƙi. Sai ka zaro 'yan'uwansu daga tsakiya. Shi ke nan aikinka ya ƙare.

Wanda za ka fara ba shi shi ne ɗan'uwan na ƙasa. In ya sauke katuna ya tsaya, ya ɗora bakwai a buɗe, ya rufe da ragowar, katin da ya faɗo a kan bakwai ɗin shi ne na ƙasan ragowar, wato ɗaya bakwai ɗin. Ko a kati na 5 ya tsaya ko na 30, duk ɗaya ne. Sannan ku lura, katin farko da ya sauke a tebur shi ne na sama, wato sarki, yanzu ya koma ƙasan kartar gaba ɗaya. Mai kallo da hannunsa ya shirya maka zagaye na biyu bai sani ba. Wannan gaɓar ce take burge ni a dabon.

In da sa'a ce zalla, kati 50 suka rage, dacen farko ɗaya cikin 50 ne, na biyu ɗaya cikin 49. In ka haɗa, kusan ɗaya cikin 2,450. Ba sai ka faɗa wa mutane lambar ba, jikinsu yana ba su cewa abin ya wuce sa'a.

Na-Kawo:
Malam, ai ka gama faɗin abin da nake gudu da bakinka. Mutum ya tsaya a kan katin ƙarshe da ya sauke. Wannan katin yana ƙarƙashin bakwai. Kai kuma ka zo ka nuna masa wanda ke samanta. Duk mai ido zai ce tsaya, ni ba a kan wannan na tsaya ba. A majalisarmu akwai wani makanike, wallahi ba zai bari wannan ya wuce ba.

Tsohon Hannu:
Yauwa, yanzu ka yi magana. Wannan ne babban raunin, kuma ba hannu ke toshe shi ba, baki ne da lokaci.

Kada ka taɓa cewa "katin da ka tsaya a kansa". Ka ce "wurin da ka tsaya", ka ce "inda ka sa shi". Da ka ce kati, ka tura hankalinsa kan na ƙarshen da ya sauke. In ka ce wuri, to wuri yana da gefe biyu, babu wanda ya yi wa kowa alkawarin wane gefe. Sannan kada ka baza kartar nan take. Ya gama na biyu, ka sa ya daidaita gefenta da hannunsa, ka juya ka tambayi na kusa da shi, "Alhaji, kai da a ina za ka tsaya?" Ka maimaita musu abin da ya faru yadda kake so su tuna shi: shi ya cakuɗa, shi ya tsaya sau biyu, ban taɓa ba. Duk gaskiya ne, ba ka yi ƙarya ba. Kafin a baza, babu wanda yake riƙe da wane ne sama wane ne ƙasa, domin karta a tsaye aka tara ta, yanzu kuma a kwance aka baza ta, sama da ƙasa sun zama dama da hagu.

Wajen fitarwa kuma ka turo su bibbiyu da yatsa ɗaya, na buɗe da na kife tare, gefe ɗaya duk sau biyun. In ka baza daga hagu zuwa dama, na damansa ne naka. Ka kawar da sauran kartar gefe kafin ka buɗe komai. Hannun makanike ba ya zuwa kan abin da ba ya gabansa.

Maman Husna:
Sannunku da hira. Ni malamar firamare ce a Malali, ina yi wa yara irin waɗannan ranar Juma'a kafin a tashi, in sun yi ƙoƙari. Abin da ban ga an ambata ba shi ne mai kallo ba ya bin umarni yadda kake zato. Ka ce "sauke", sai ya yanko guda goma ya dire gaba ɗaya. To in haka ta faru a farkon zagaye na farko, katin sama bai koma ƙasa ba, zagaye na biyu ya mutu tun ba a fara shi ba. Abin da nake yi, kafin in miƙa, sai in kwatanta da hannu wofi a kan tebur: ɗaya, ɗaya, ɗaya. In na ga ya sauke biyu ko uku daidai, sai in ce "in kana so ka sauke bibbiyu, ko ka zaro daga tsakiya, ba ruwana." Ai katin farko kawai nake bukata ya zauna a ƙasa, na ƙasan hannunsa kuma ya zauna inda yake. Wannan 'yancin da ka ba shi a tsakiya shi yake tunawa daga baya.

Malamin Lissafi:
Hajiya ta kawo abu mai kyau, amma a yi shi a zagaye na farko kawai. A na biyu in ya zaro daga tsakiya zai iya raba tagwayen farko.

Kuma ga wani rami kusa da wannan. In a zagaye na farko ya yi nisa, a ce ya sauke 40, to kati 10 kawai ke saman bakwai ɗin. A zagaye na biyu zai iso ta. In ya wuce ta ɗaya-ɗaya, jerin ya juye, ɗan'uwanta ya koma ƙasanta, sai ka fitar da ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, wanda ba shi da kyan gani. In kuma tsautsayi ya sa ya tsaya daidai tsakaninsu, sun rabu ke nan. Maganin shi ne a zagaye na farko kada ka bar shi ya wuce rabi. Da ya kai wajen goma sai ka ce "duk inda ka ga dama", yawancin mutane ba sa ƙara guda biyar bayan an faɗi haka.

Ɗan Rigasa:
Allah ya saka, Malam. To in na duba na tarar na sama da na ƙasa su ne tagwayen juna fa? Bakwai ja a sama, bakwai ja a ƙasa.

Malamin Lissafi:
Yana faruwa, wajen sau ɗaya cikin 51. Ka miƙa wa wani ka ce "kai ma ɗan cakuɗa, kada a ce mun haɗa baki da shi." An wuce wurin.

Mai Shago Kasuwar Barci:
Ku yi haƙuri in kawo ku ƙasa. Duk kuna maganar sarki da bakwai ja, wa yake da irin wannan kartar a aljihu a Kaduna? In ka ce a majalisa a ba ka karta, Whot za a miƙo maka. Ni ina sayar da su, na san wadda take tafiya. In ka zo da taka sabuwa fil daga kwali, an gama cewa ta musamman ce, ko ka ba su su duba. Dabon da aka ce ƙarfinsa kartar aro, in bai yi da Whot ba, a wurinmu bai yi ba.

Malamin Lissafi:
Yana yi, Alhaji, amma da gyara. Whot kati 54 ce. Bol 12, angul 12, kuros 9, kafet 9, sita 7, sai Whot mai lamba 20 guda 5. Abin daɗin shi ne bol da angul lambobinsu iri ɗaya ne sak, daga 1 zuwa 14 babu 6 babu 9. Kuros da kafet su ma lambobinsu iri ɗaya ne: 1, 2, 3, 5, 7, 10, 11, 13, 14. Ke nan kowane bol yana da abokin tagwaitaka a angul, kowane kuros yana da nasa a kafet. Sita ce marainiya, ba ta da kowa. Kuma damar sita ta faɗo a sama ko a ƙasa ta kai kusan ɗaya cikin huɗu, ba abin da za a kawar da kai a kansa ba ne.

Na-Kawo:
To ka ga. Sai ka tsaya kana yi wa mutane darasi cewa bol ƙanin angul ne. Wa ya san wannan? A Whot abin da kowa ya sani lamba ta bi lamba, zane ya bi zane. In ka fitar da 7 bol aka samu 7 angul, za su ce lamba ce ta dace, kuma 7 guda biyar ce a ciki. Mamakin ya ragu.

Malamin Lissafi:
Ya ragu a lissafi, na yarda. Daga ɗaya cikin dubu biyu da wani abu ya sauko ƙasa sosai. Amma fa ka sami sauƙi: tunda lamba kawai za ka ce, sita ta daina zama matsala, duk lambar da ke sita akwai ta a bol.

Tsohon Hannu:
Ni na yi shi da Whot a wurin mai shayi ba sau ɗaya ba, kuma ban ga wanda ya tsaya lissafin guda nawa ne 7 ba. Abin da suke gani shi ne 7 ta sami 7, 13 ta sami 13, a hannun abokinsu, da kartarsu da suka gama bugawa yanzu. Sai dai in kana da zaɓi, ka fi son lambar da ba ta da yawa. 12 guda biyu ce kacal a Whot, bol da angul. In ta faɗo maka a ƙasa, to ka faɗa musu da babbar murya kafin a fara: guda biyu ce a duk kartar.

Matsalar Whot ta majalisa a wurina ba lamba ba ce, tsufa ne. Kartar da ta shekara ana bugawa kowa ya san bayanta. Akwai mai karyayyen kunne, akwai wadda man ƙosai ya taɓa, akwai wadda aka liƙe da salatif. In mai salatif ce a sama, yaron da ke gefe ya ga ita aka fara saukewa, daga baya kuma ya gan ta manne da katinka. Ya kama ka ba tare da ya san lissafi ba. In ka ga katin sama ko na ƙasa yana da tabo, ka sa a sake cakuɗawa.

Maman Husna:
Baba, har da zama. A aji yara suna ƙasa ni ina tsaye, duk wanda ya riƙe kartar sama-sama to na ƙasa suna kallon katin ƙarshe. A majalisa ma haka ne, wasu a benci wasu a tabarma. Ni sai in zaɓi wanda ya fi kowa zama ƙasa ya riƙe, ko in ce ya ajiye ta a tebur ya riƙa ɗauka daga sama.

Ɗan Tudun Wada:
Ina bin ku tun ɗazu, amma akwai abin da ke damuna. Ɗan Rigasa ya ce liyafar aure. Akwai dattawa, akwai malamai. Mutum ya fito da karta a irin wannan wuri, abu biyu za a ce: ko ɗan caca, ko mai sihiri. Mu da muka taso muna ganin 'yan wala-wala a bakin tasha da katinsu uku suna kwashe wa matafiya kuɗin mota, ba mu ga laifin wanda ya ƙyamaci abin ba. Kuma malamai da yawa ba sa son wasan karta ko babu kuɗi a ciki.

Shugaban Zaure:
Magana ce mai kyau, amma kada mu mayar da nan wurin fatawa. Wanda yake da shakka ya tambayi malaminsa.

Tsohon Hannu:
Ba fatawa zan ba da ba, abin da nake yi zan faɗa. Ban taɓa farawa ba sai na ce: wannan dabara ce, babu aljani, babu layar kowa, duk wanda ya zauna ya koya zai iya. Kuma ba a sa ko sisi. Mu da muka ga zamanin Farfesa Peller, shahararren mai dabon nan, kafin a kashe shi a Ibadan a 1997, mun san yadda mutane suke saurin jingina irin wannan ga iskokai. Shi a dandamali yake da kayan aiki, wannan wani fage ne. Kai da kake zaune gwiwa da gwiwa da mutane, gobe za ku haɗu a masallaci, bai kamace ka ka bar su da zargi ba.

Kuma shi ya sa ban yarda da labarin da wasu ke ɗora wa dabon nan ba, wai tagwaye suna da wani asiri, Hassan yana kiran Usaini. Ya yi daɗi a baki, amma a garin nan akwai masu ɗaukar maganar da gaske.

Maman Husna:
Baba, a nan kam ban bi ka ba. Ni da Hassan da Usaini nake yinsa kuma yara suna dariya. Ina cewa Hassan ya ɓata a kasuwa, wa zai kai shi wurin ɗan'uwansa? Yaron da ya riƙe kartar shi ne ya kai shi. Babu asiri a ciki, yabon ma yaron ne yake sha. In ka cire labarin me ya rage? "Sauke, tsaya, ɗora, rufe." Ya zama aikin ofis.

Tsohon Hannu:
Naki daban ne, 'yata. Kin mayar da abin kan yaron, ba kan wani ƙarfi na ɓoye ba. Wannan na yarda da shi. Ga abokan ango ma akwai hanya a buɗe: kati biyu, ango da abokinsa, kowa a nemo masa tasa. Ka ba babban abokin ango kartar, ka ce yau za mu ga ko ya iya zaɓe. Teburin zai ɗauka da kansa.

Ɗan Tudun Wada:
In dai a teburin samari ne can gefe, ba gaban iyaye ba, da sauƙi.

Na-Kawo:
Har yanzu ban sauka ba. Ga ma'aunina. Houdini, shahararren mai dabon nan na Amurka, a zamaninsa yana alfahari cewa duk dabon da ya gani sau uku zai gane shi. Dai Vernon, wani gwanin dabon karta, ya same shi a Chicago, ya sa katinsa a tsakiya ya dawo sama, ya maimaita, ya sake maimaitawa, har ya wuce ukun nan, Houdini bai gane ba. Wannan shi ne dabo. Naku in aka ce "sake yi" fa? Karo na biyu kowa idonsa yana kan lokacin da kake duba kartar, kuma wani zai ce bari in sake cakuɗawa bayan ka fitar da biyun. Me za ka ce masa?

Tsohon Hannu:
Ba na sake yi, kuma ba na jin kunyar hakan. In aka ce sake, sai in ce ga wanda ya fi shi, in shiga wani. Shi ya sa ba a zuwa wuri da dabo ɗaya. Wanda ya ce zai cakuɗa bayan na fitar da biyun, sai in mayar da su ciki in ce cakuɗa duka, in karɓa in fitar da wasu biyu. In ya sake cewa zai cakuɗa, to ba kallo ya zo ba, sai in ba shi kartar in ce ya nuna mana nasa.

Amma ka yi gaskiya a abu ɗaya: lokacin dubawar nan shi ne inda sabon hannu yake tona kansa. Za ka ga ya baza, idonsa ya tafi can ƙarshen dama, ya dawo can ƙarshen hagu, leɓensa yana motsi. Ko makaho ya san ya haddace wani abu. Ana so na ƙasa ka gan shi tun kana juyo da kartar, ai shi ne a fuska. Na sama kuma ka gan shi a cikin bazawar da kake yi kana neman ɗan'uwan na farko, ba tare da ka tsaya ba. Kana yi kana magana, kana kallon mutumin, kamar fuskarsa kake karantawa kafin ka zaɓa. Wannan daƙiƙa biyar ɗin ita ce ke cin makonni a gaban madubi. Wanda ya ce dabon ba ya bukatar atisaye bai yi shi gaban mutane ba.

Vernon kuwa, ai shekaru ya yi yana goge abin da ya yi wa Houdini. Yaron nan ƙarshen wata aka ce masa.

Malamin Lissafi:
Tunda an zo kan dabon da za a bi Tagwaye da shi. Akwai na Norman Gilbreath na 1958: ka jera ja, baƙi, ja, baƙi tun daga gida, ka raba gida biyu yadda na ƙasan kowanne launinsu ya bambanta, a saƙa su cikin juna sau ɗaya, duk biyun da aka ɗauka daga sama ɗaya ja ne ɗaya baƙi. Akwai kuma na Paul Curry na 1942, wanda mai kallo ke raba ja da baƙi a kife ba tare da ya gani ba. Na Curry ya fi Tagwaye ƙarfi nesa ba kusa ba.

Mai Shago Kasuwar Barci:
Malam, duka biyun ja da baƙi suke so, Whot kuwa launinta ɗaya. Kuma wannan saƙawar ta gefe da gefe da babban yatsa, mutanenmu ba haka suke cakuɗawa ba. Ko su yi ta yankowa suna jefawa gaba, ko su watsa a tabarma su dama da hannu biyu. Ka ba mutum jerarriyar kartarka ya watsa ta, ka ga ta kanka.

Malamin Lissafi:
Haka ne. A nan Tagwaye ya fi su, ko a tabarma aka dama ta babu abin da ya dame shi.

Ɗan Rigasa:
Ni da na yi niyyar in ɗauka a waya in sa a TikTok bayan liyafar.

Na-Kawo:
Kada ka soma. A nan ko Baba zai goyi bayana. Duk abin da ya ce a kan lokaci da mantuwa, bidiyo ya rushe shi. Mutum zai mayar baya sau biyu ya ga daga ina katin ya fito, kafin la'asar an rubuta maka sirrin a ƙasa da dariya.

Tsohon Hannu:
Na goyi baya. In wani ya ɗaga waya a teburin ma, ka ba shi kartar ya zama shi ne mai saukewa, hannunsa ya cika.

Maman Husna:
Ƙanina, ƙarin abu ɗaya tunda sanyi ya shigo. Da hunturu yatsu suna bushewa, sabuwar karta mai santsi tana zamewa, mutum ya tura ɗaya biyu su tafi. In hakan ta faru a katin farko ka shiga uku. Ka tsaya kusa ka ga saukar na farkon da idonka. Kuma teburin liyafa leda ake shimfiɗa masa, ga lemo ga ruwa. Ka tafi da ɗan ƙyalle mai kauri ka shimfiɗa, bazawar ma ta fi kyau a kai.

Ɗan Rigasa:
Na gode ƙwarai, Anti. To da wacce zan je, Whot ko mai ja da baƙi?

Mai Shago Kasuwar Barci:
Whot, sabuwa a ledarta, ka ba su su ɓare da kansu.

Na-Kawo:
Mai ja da baƙi. In za ka yi abu mai sauƙi, aƙalla ka bar masa ƙarfinsa na ɗaya cikin dubu biyu.

Tsohon Hannu:
Ka sa duka biyun a aljihu, ka tambayi teburin wacce suka fi sani. Kafin nan ka same ni ranar Asabar bayan la'asar a Gamji, ka zo da su, ina so in ga idonka lokacin da kake dubawa. Na-Kawo, kai ma ka zo da makaniken nan naka.